Lambar Motar Baba Saja

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin matata, tsohon da duk unguwar Lozells ta sani da Baba Saja. Mun kai shi makwancinsa a nan Birmingham ana yayyafi, muka dawo gidana aka yi zaman makoki. Ni ba marubuci ba ne, akanta ne mai zaman ofis. Abin da kunnena ya ji a wurin zaman nan ne ya sa ni wannan rubutu.

Falo ya cika maƙil. Mutanen Ghana sun zo daga Manchester a bas guda, da manyan tukwanen shinkafa da wake irin ta Kumasi. Abokaina 'yan Najeriya sun zo bayan tashi daga aiki, wasu da katin asibiti a wuya ba su ma cire ba. Ina zaune kusa da ƙofa ina amsa gaisuwa, sai wani likita abokina, mutumin kirki wallahi, ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki Baba. Ai tun da diabetes ta ci ƙafar nan na san sauran jiki ma yana hanya. Haka ciwon yake."

Wani dattijo daga cikin mutanen Manchester ya ce, "A'a, Dakta, ba suga ba ce. Haɗarin lori ne a hanyar Tamale. Ni haka na ji."

Wani kuma da suka yi shekaru suna sahu ɗaya a masallaci ya ce shi ya ɗauka shan inna ce tun yana yaro. Aka tambaya to ina ya samo Saja, aka ce ai laƙabi ne, saboda tsare gida da ya iya. Aka yi 'yar dariya irin ta makoki, aka shafa fatiha.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Baba bai taɓa ciwon suga ba, mutumin da yake zuba sukari a shayi kamar da gayya. Lori bai taɓa kaɗe shi ba. Soja ne na gaskiya, sajan ne a rundunar ƙasar Ghana, kuma ƙafarsa ta hagu daga gwiwa zuwa ƙasa a Laberiya ya baro ta, lokacin da aka tura su raba faɗa. Na buɗe baki zan faɗi haka, sai na tuna cewa idan aka ce mini, "To yaya aka yi?" ba ni da amsa. Shekara da shekaru ina tuƙa mutumin nan, kafaɗarsa tana gogar tawa, amma iyakar abin da na sani ke nan.

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce wane irin sakarci ne wannan. Bari in yi bayani. Ni mutumin Kano ne, na auri 'yarsa ta fari, ma'aikaciyar jinya a babban asibitin Edgbaston. Da mahaifiyarta ta rasu a Kumasi, ta yi ta fama har ta kawo shi nan. Ya ce shi ba zai kwana a ƙarƙashin rufin suruki ba ko da za a mayar da shi gida, don haka aka samo masa ɗan flat na ƙasa a Lozells, kusa da masallaci da shagunan da yake samun doya da kanwa. Tun ranar da na durƙusa na gaishe shi a karon farko har ya bar duniya, bai taɓa kiran sunana ba, ni kuma ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba sai sau ɗaya. "Mai mota" yake ce mini, shi ma in yana magana da wani. In ni da shi ne kaɗai, gilashin gaba yake yi wa magana. "A rage gudu." "A tsaya a yi sallah." "An kyauta." Ni kuma amsata ba ta wuce "To, Baba." 'Yarsa ita ma bai taɓa ambaton sunanta ba, tunda 'yar fari ce, "uwar yara" yake cewa. Ba ƙiyayya ba ce. Kunya ce, kuma mu duka muna alfahari da ita, muna cewa mun riƙe abin da wasu suka zubar a filin jirgi.

Mutum ɗaya ce take da izinin taka shi yadda ta ga dama, wato 'yarmu ta fari, jikarsa. "Amarya" yake kiranta. Tana cire masa hula, tana ɓoye masa sanda, tana ce masa ya tsufa ita ta fasa auren. Shi kuma ya ce ai shi ya fara fasawa, tunda ba ta iya tuƙa tuwo ba. Sai dai a nan aka haife ta. Hausarta ta gaisuwa ce da ta abinci, in ta wuce nan sai Turancin Birmingham, wanda ni kaina sai na kasa kunne. Laifinmu ne mu iyayenta, ba nata ba.

Akwai abubuwan da nake so a tuna shi da su. Kullum yana goge takalmansa duka biyu da man takalmi, kuma na ƙafar roba ya fi shan guga. In an tambaye shi dalili sai ya ce, "Wannan ba ta jin sanyi, ba ta jin zafi, a bar ta ta ji daɗin ƙyalli." Ranar Juma'a shi ne farkon zuwa, kuma kafin ya shiga sai ya bi takalman mutane da kan sandarsa ya jera su sahu-sahu. Matasa suna yi masa dariya a ɓoye, amma babu wanda ya taɓa neman takalminsa ya rasa. In ka ce masa za ka zo bayan la'asar, to ka same shi tsaye a bakin ƙofa tun kafin a kira sallar, da hankici a goge a aljihu.

Kuma kada wani ya ɗauka yana raina masu ciwon suga. Akwai wani direban tasi ɗan Kumasi da aka yanke wa ƙafa saboda ciwon, ya kulle kansa a ɗaki, ya daina zuwa masallaci, matarsa tana ta kuka a waya. Baba ya ce a kai shi. Na kai shi, na tsaya a waje. Daga baya mutumin ne ya ba ni labari da bakinsa. Ya ce Baba bai yi masa wa'azi ba. Zama ya yi a bakin gado, ya naɗe wando, ya kwance ƙafar roba ya jingine ta da bango, ya ce, "Kawo buta." Ya nuna masa yadda zai yi alwala bai faɗi ba, da yadda zai sauka sujada ya tashi. Ya yi ta komawa har sai da mutumin ya fito da kansa. Ranar jana'iza ya zo da sandarsa, ya nace sai ya kama makara.

Maganar lamba ta samo asali ne daga wani hoto. Ɗan wan Baba yana Amurka, ya yi aikin soja a can, ya ji rauni a baya. Ya turo hoton motarsa a waya. A can, in soja ya nakasa a bakin aiki, hukuma tana ba shi lambar mota ta musamman, da rubutu a jiki mai nuna cewa mai motar nan tsohon soja ne da ya ji rauni. Baba ya riƙe wayar ya daɗe yana kallo, yana buɗa hoton da yatsu biyu yadda jikarsa ta koya masa. Can ya ce wa gilashin taga, "A bincika ko ana ba da irin wannan a nan."

Na bincika. Babu. Abin da council, wato ƙaramar hukumar gari, take bayarwa shi ne shuɗin kati da ake ɗorawa a gaban mota, wanda yake ba ka damar tsayawa kusa da ƙofa, har a kan layin rawaya, inda aka hana tsayawa, na ɗan lokaci. Kati ɗaya ne ga kowa, da hoton keken guragu a jiki. Matata ta yi ɗawainiya ta samo masa, ta kawo da murna.

Nan aka yi rigimar da ba zan manta ba, rigimar mutum biyu da ba sa iya kallon juna. Yana falo, tana kicin, ni ina tsaye a tsakani kamar turmi.

Ya juya katin ya ce, "A tambayi uwar yara, yaushe ta gan ni a kan wannan keke?"

Ta ɗaga murya daga kicin, "A gaya wa Baba alama ce kawai. Blue badge ne, kowa ma haka nasa yake. Consultant ɗinmu ma, babban likita guda, yana da shi."

"A gaya mata ni ba kowa ba ne. Wannan kati cewa ya yi akwai gurgu a cikin motar nan. Bai faɗi abin da ya gurgunta shi ba."

"A gaya masa ba ruwan mai duba parking da tarihi. Ƙafarsa nake ji, in ya yi tafiya mai nisa kumbura take yi."

"A gaya mata ƙafar tawa ce."

Ban gaya wa kowa komai ba, tunda duk suna jin juna. Ta fito da jajayen idanu ta wuce sama. Shi kuma ya ajiye katin a kan tebur ya ce, "In aka ɗora wannan a mota, ni na sauka." Aka jefa shi a aljihun mota, nan ya zauna har ya ƙare aka sabunta, ya sake komawa aljihun. A lokacin na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi. Yanzu na gane cewa mutumin da ba shi da wanda zai ba labarinsa, so yake mota ta ba da shi a madadinsa.

Bai sake maganar ba, muka ɗauka ta wuce. Ashe ya aika Kumasi. A can in kana son allo, wurin mai fenti za ka je ka faɗi abin da kake so ya rubuta maka, ka ɗaura a motarka, babu mai ce maka kanzil. Wata 'yar uwa da ta je gida ta dawo da shi a cikin akwati, tsakanin busasshen kifi da atamfa. Mai fentin ya zuba gwaninta fiye da yadda ake buƙata. Ya samo ƙarfe daidai girman lambar baya ta motocin Ingila, ya shafa masa rawaya irin tasu sak, ya rubuta baƙaƙen haruffa manya da Turanci cewa tsohon soja ne da ya nakasa. A ƙasa da ƙananan haruffa ya sa SAJAN, LABERIYA. A gefe ɗaya tauraro, a ɗaya gefen igiyoyi uku na sajan. Wata guda yana warin kifi.

Ranar da zan kai shi Manchester ganin jikarsa, wadda ta shiga jami'a tana zaune a unguwar Fallowfield, na same shi tsaye a bayan motata da sukuddireba a hannu. Ya riga ya auna wurin, ƙasa da lambar gaskiya kaɗan. Ya ce, "A ɗaura."

Na san dokar ƙasar nan ba ta wasa da lambar mota. Na san za a yi magana. Amma ta yaya zan ce wa surukina a'a, yana tsaye da ƙafa ɗaya, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a a ranar Asabar? Na durƙusa na ɗaura. Ya ja baya ya duba, ya ce gefen dama ya karkace. Na gyara.

Ban taɓa ganinsa kamar ranar ba. Ya zauna a miƙe, hannu a kan gwiwa, duk motar da ta wuce mu sai ya bi direban da kallo ya ga ko ya karanta. A wurin shan mai, wani Bature tsoho ya tsaya ya karanta, ya zagayo ya miƙa masa hannu, ya ce shi ma ya yi soja. Suka yi musabaha. Da muka hau hanya na ji Baba yana 'yar waƙar fareti ƙasa-ƙasa. Da ya tuna da wanda yake kusa da shi sai ya mayar da ita tari.

Mun yi tafiya biyu ko uku a haka. A ta ƙarshe, ba mu ma fita daga Birmingham ba 'yar sanda ta tsayar da mu. Ba ta yi mana rashin mutunci ba, gaskiya. Ta ce ba a yarda mota ta ɗauki abu biyu masu kama da lamba ba, yana rikita na'urorin hanya, sai dai a cire. Baba ya buɗe ƙofa ya fito, ya tsaya ƙyam, ya ce mata da Turancinsa na bariki, "Madam, in America they give." Ta karanta allon, ta dubi sandarsa, ta ce ta ba shi haƙuri, a nan ba a bayarwa. Ta tsaya tana jira.

Na durƙusa a bakin titi, motoci suna watsa mini ruwa, na kwance shi. Ya miƙo hannu biyu ya karɓa kamar wanda ake miƙa wa jariri. Ya goge shi da hankicinsa. Har muka kai Manchester muka dawo bai ce ko "a rage gudu" ba.

Daga ranar ya samo wa allon rigar matashin kai, yana saka shi a ciki, duk tafiya yana kan cinyarsa. Na yi tunanin a jingine shi daga ciki, a ƙasan gilashin baya, inda ba zai yi kama da lamba ba. Na ma tambayi mai garejinmu ya ce in bai tare gani ba babu matsala. Amma na ce bari shi ya fara magana, kada ya ga kamar ina tausaya masa ne. Yanzu ina zaton shi ma jira yake in fara, kada ya sake jawo wa mijin 'yarsa tsayuwa gaban 'yan sanda. Haka muka yi ta jiran juna a kan babbar hanya, allo yana cikin rigar matashi.

Tafiyarmu ta ƙarshe zuwa Fallowfield a shekarar da za ta gama jami'a ce. Ya rame, numfashinsa yana yin sama in ya hau 'yar matattakala. Layin gidan da take haya da ƙawayenta ba a samun wurin tsayawa, motocin ɗalibai sun cika ko'ina, abin da ya rage layin rawaya ne a daidai ƙofarta. Da shuɗin katin yana gaban mota, nan zan tsaya mu shiga tare. Yana cikin aljihu, kuma na san hukuncinsa. Na sauke shi, ta fito da gudu ta kama masa hannu tana cewa angonta ya zo ba ko kayan lefe.

Kafin ya rufe ƙofar mota sai ya sunkuyo ya dube ni. Ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "A dawo da wuri."

Na ce, "To, Baba." Na sunkuyar da kai.

Na yi ta zagaye har na samu wuri can nesa, kusa da inda ake hawa bas ɗin Oxford Road. To dama al'adata ce in na kawo shi in ba su wuri. Kaka ba ya sakewa ya yi wasa da jikarsa suruki yana zaune, kuma ina son ya sake. Don haka ban yi sauri ba. Na shiga shago na sayo musu burodi da madara da ayaba, na tsaya na amsa waya. Ina ganin ladabi nake yi.

Da na shiga na same su a kicin. Allon yana kan tebur tsakanin tukwanen ɗalibai marasa wanki, an cire shi daga rigar matashi. Wandon Baba a naɗe har gwiwa. Shayinsa ya huce bai taɓa ba. 'Yata tana zaune a ƙasa kusa da ƙafarsa, hancinta ya yi ja. Yana ganina ya sauke wandon, ya mayar da allon cikin rigarsa, ya ce wa firij, "An daɗe."

Na ce, "Wurin parking ne, Baba."

Ya ce, "Ba komai."

Ban tambayi 'yata abin da ya faru ba. Abin da ke tsakanin kaka da jika ba hurumina ba ne. Bayan 'yan makonni sanyi ya kama masa ƙirji, aka kwantar da shi a asibitin da 'yarsa take aiki. Ita ta riƙe masa hannu a ƙarshe. Ta ce da numfashi ya yi wuya ya kira ta da sunanta, sau ɗaya, shi ne na farko tun da aka haife ta.

Mu koma falon makoki. Ashe 'yata tana bayan ƙofa da tiren shayi lokacin da ake rabon yadda ƙafar ta tafi, kuma kalmar diabetes ba ta buƙatar tafinta. Ta ajiye tiren, ta hau sama, ta sauko da rigar matashin. Ba ta shiga cikin maza ba. Daga bakin ƙofa ta miƙo mini allon ta ce, "Dad, show them." Na karɓa na ba likitan, ya karanta, ya ce, "Subhanallahi," ya miƙa wa na kusa da shi. Allon ya zaga falon hannu zuwa hannu. Wanda ya ce shan inna ce ya rufe fuska da hularsa. Dattijon Manchester ya ce, "Shekara nawa muna cin abinci kwano ɗaya da mutumin nan." Daga nan sai tambayar da nake tsoro ta zo, daga bakin likitan. "To yaya aka yi?" Na ce Allah ne masani.

Washegari da hantsi, kafin mutane su fara zuwa, na samu 'yata a cikin mota a ƙofar gida, tana zaune a kujerar da yake zama. Na shiga na zauna. Ta ce ranar nan a Fallowfield ita ta tsokane shi. Ta ce masa ba za ta auri mai ƙafa ɗaya ba sai ya gaya mata inda ya kai ɗayar. Ta saba yi masa wannan wasa, yakan ce ya ba da ita jingina ne don ya biya sadakinta. Ranar bai yi dariya ba. Ya ce ta zauna. Ya fara da Turanci, ya ce sun isa wani kogi. Daga nan Turancin ya ƙare masa, ya faɗa Hausa, bai sake fitowa ba. Ta ce ya daɗe yana magana, yana nuni da hannu, wani wuri ya yi shiru, wani wuri hawaye. Ba ta katse shi ba, kai kawai take gyaɗawa, tana jin kalma ɗaya a cikin goma.

Ta ce, "He kept looking at the door, Dad. Yana duba ƙofa, yana duba ƙofa. I thought you'd walk in any minute."

A nan na gane abin da "a dawo da wuri" take nufi. Ba zai iya ba surukinsa labari ba, ba zai iya ba 'yar fari ba. Amma zai iya ba jikarsa, suruki yana gefe yana yanka burodi kamar ba ya ji. Ya shirya komai yadda babu wanda zai ji kunyar wani. Ita tana da izinin tambaya ba ta da harshen, ni ina da harshen ba ni da izini, ya nemi ya haɗa mu a ɗaki ɗaya sau ɗaya. Ni kuwa ina shago ina zaɓar ayaba.

Na tambaye ta ko ta riƙe wani abu. Ta ce akwai magana ɗaya da ya yi ta maimaitawa, yana dafa kafaɗarsa, ta haddace ta don ta tambaye ni, sai ta kasa. Ta faɗe ta a hankali da harshenta na Birmingham. "Na ɗauke shi. Na ɗauke shi."

Ta ce, "What does it mean?"

Na fassara mata. Ta ce, "Who?"

Na kira ɗan wansa na Amurka, ya ce shi yana yaro a lokacin, abin da ya sani kawai an dawo da Baba a jirgi. Na sa an tambaya a Kumasi, aka ce abokan aikinsa da aka sani duk sun riga shi. Matata ta ce mahaifiyarta ma ba ta taɓa ji ba, ko ta ji ba ta faɗa ba. Ban san wanda ya ɗauka ba. Ban san ko soja ne ko ɗan gari, babba ko yaro. Ban san ko sun tsallake kogin tare ba, ko kafin ƙafar ne ko bayanta.

Na mayar wa council shuɗin katinsu yadda doka ta ce, ko lanƙwasa babu. Allon yana jingine a ƙasan gilashin bayan motata, daga ciki, inda ya kamata in sa shi tun yana iya juyowa ya gani. Jiya a wurin shan mai wata mata ta karanta, ta dubi ƙafafuna biyu, ta dube ni. Na ce na surukina ne. Ta ce tabbas ya ba ni labarai da yawa. Na ce ya yi niyya.

Ga roƙona ga duk wanda wannan rubutu ya isa hannunsa, a Manchester, a Kumasi, ko a ko'ina. In a gidanku akwai tsohon da ya taɓa cewa wani sajan ya saɓa shi a kafaɗa a bakin wani kogi a Laberiya, ko aka kawo muku labarin cewa wani ya ɗauko naku har inda ƙarfinsa ya ƙare, don Allah ku neme mu ta masallacin Lozells. Akwai yarinya a nan da take koyon Hausa yanzu da gaske, tana jiran sauran maganar.

Allah ya jiƙan Baba Saja, ya yalwata masa kabarinsa, ya tashe shi da ƙafafunsa biyu. Allah ya jiƙan wanda ya ɗauka, in ya riga mu, in kuma yana raye Allah ya sa ya ji. Ni kuma, Baba, na dawo. Na daɗe.